Ƙofar Fita da Aka Toshe: Yadda Dogon Ɗauri Ya Cika Gidajen Yarin Amurka

A farkon watan Nuwamban 1995, wani mutum mai suna Leandro Andrade ya shiga wani babban kanti a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya ɗauki kaset ɗin bidiyo biyar ya cusa a ƙugun wandonsa. Masu gadi suka tare shi. Bayan mako biyu ya sake yin haka a wani reshe na kantin, wannan karon kaset huɗu, aka sake kama shi. Kuɗin kaset taran gaba ɗaya dala 153 ne da 'yan canji. Tsohon soja ne, shekarunsa 37, kuma shaye-shayen ƙwaya ya daɗe da cin ƙarfinsa. Bai ɗauki makami ba, bai taɓa lafiyar kowa ba. Sai dai yana da tsohon tabo, domin a 1983 an taɓa ɗaure shi kan fasa gidaje. Saboda wannan tabon kotu ta yanke masa shekara 25 zuwa rai-da-rai a kan kowace sata, ɗaya bayan ɗaya. Ma'ana sai ya shafe shekara 50 kafin ma a saurari batun sakinsa, lokacin yana ɗan shekara 87. A 2003 maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai biyar cikin tara suka ƙi soke hukuncin.

Duk wanda ya ji wannan labari zai ce ai wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma ni ma haka na ce. Amma abin da ya fi damuna shi ne babu kuskure a cikinsa. Alƙali bai karɓi toshiya ba, bai kuma yi wa doka karan tsaye ba. Abin da doka ta tanada shi aka bi, kuma irin waɗannan dokoki ne suka mai da Amurka ƙasar da ba ta kai kashi 5 cikin 100 na mutanen duniya ba, amma ta riƙe kusan kashi 20 cikin 100 na fursunonin duniya.

A 1972 mutanen da ke gidajen yarin jihohi da na tarayya a Amurka kimanin 200,000 ne. Zuwa 2009 sun haura miliyan 1.6. Idan aka haɗa da waɗanda ke tsare a ƙananan kurkukun gundumomi, adadin ya kai wajen miliyan 2.3. Ya ɗan sauka daga baya, amma har yau ana maganar kusan miliyan biyu. Mu a nan, in aka ce cinkoso a gidan yari, masu jiran shari'a ke fara zuwa mana a rai, domin a Najeriya kusan biyu cikin kowane uku da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba. Amurka ma tana da nata masu jiran, dubban ɗaruruwa. Amma manyan gidajen yarinta cike suke da waɗanda aka gama shari'arsu, aka yanke, aka rufe fayil.

Lissafin mai sauƙi ne. Yawan mutanen da ke gidan yari a kowace rana abu biyu ne ke kawo shi: nawa ke shiga, kuma tsawon wane lokaci kowa ke yi. A ce wani gari na tura mutum 100 gidan yari duk shekara, kowa ya yi shekara biyu ya fito. Kullum za ka tarar da mutum 200 a ciki. To a bar masu shiga a 100 ɗin nan, kada a ƙara ko ɗaya, amma a mai da zaman shekara ashirin. Kafin abin ya daidaita sai an sami mutum 2,000 a ciki. Laifi bai ƙaru ba, kamun 'yan sanda bai ƙaru ba, amma sai an gina gidan yari goma a inda da ɗaya ya isa. Kamar kududdufi ne da aka toshe wa makwarara: ko yayyafi ake yi, in dai ruwan ba ya fita, wata rana sai ya ci gari. Kuma akwai wani abu game da dogon hukunci, ba a ganin aikinsa nan take. Dokar da aka kafa bana, nauyinta sai bayan shekara goma ko ashirin yake bayyana, lokacin waɗanda suka kafa ta sun daɗe da barin kujera.

Kafin shekarun 1970, tsarin da aka fi bi a Amurka shi ne alƙali ya yanke hukunci mai faɗi, misali shekara 5 zuwa 15, sannan wani kwamiti ya riƙa duba halin fursuna. In an ga ya natsu, a sake shi sakin talala, ya ƙarasa wa'adinsa a gida ƙarƙashin sa ido. Ko ɗaurin rai-da-rai ma ba lallai ne ya zama har mutuwa ba. A jihar Luwiziyana, tun daga 1926, wanda aka yi wa rai-da-rai na iya sa ran fita bayan shekara goma da wata shida in ya nuna halin kirki. Fursunoni da yawa sun amsa laifi ne bisa wannan fahimta. A cikin shekarun 1970 jihar ta soke tsarin, aka bar su a ciki, wasu har suka haura shekara 50.

Me ya sauya? Da farko dai laifi ya ƙaru da gaske, kuma duk mai son ya yi adalci a wannan magana dole ya faɗi haka. Daga shekarun 1960 zuwa farkon 1990 kisan kai da fashi sun yi ta hauhawa. A 1990 kaɗai an kashe mutum sama da 2,200 a birnin Niyok. Tsoron da mutane ke ji ba na ƙarya ba ne, kuma unguwannin baƙar fata matalauta su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A daidai lokacin kuma tsohon tsarin ya sha suka ta fuska biyu. Masu ra'ayin riƙau suka ce kwamitocin sakin talala na sakin miyagu da wuri. Masu rajin kare haƙƙi suka ce ikon da aka bar wa alƙalai da kwamitoci ya yi yawa, farar fata na samun sassauci, baƙar fata na shan ɗauri a kan laifi iri ɗaya. A 1974 wani masani mai suna Robert Martinson ya fitar da nazari kan shirye-shiryen gyara halin fursunoni, wanda 'yan siyasa suka taƙaita a magana ɗaya, wai babu abin da ke aiki. Shi kansa ya janye wani ɓangare na maganar daga baya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. In gyara ba ya yiwuwa, ai sai a kulle kawai.

Jihar Niyok ce ta buɗe fage a 1973, zamanin Gwamna Nelson Rockefeller, da dokar da ta tanadi aƙalla shekara 15 zuwa rai-da-rai ga wanda aka kama da 'yan oza na miyagun ƙwayoyi. Jihar Maine ta soke sakin talala a 1976, wasu suka bi sahu, gwamnatin tarayya ma ta soke nata da dokar 1984. Sai kuma Yunin 1986, lokacin da wani matashin ɗan wasan ƙwallon kwando, Len Bias, ya mutu sakamakon shan hodar iblis kwana biyu bayan ƙungiyar Boston Celtics ta ɗauke shi. Ƙasa ta ɗauki zafi, zaɓe na ƙaratowa, cikin 'yan watanni majalisa ta zartar da doka, Shugaba Reagan ya sa hannu. Dokar ta raba hodar iblis gida biyu. Akwai garin, wanda masu hali suka fi saye, akwai kuma wadda ake dafawa ta dunƙule, mai araha, wadda ake kira kirak, ita ce ta cika unguwannin talakawa. Giram 5 na kirak, wato nauyin da bai fi ƙaramin cokali na sukari da ɗan ɗoriya ba, ɗaurin shekara biyar ne tilas. Kafin mai garin ya sami irin wannan hukunci sai an kama shi da giram 500. Abu ɗaya ne a asali, amma awo ɗaya bisa ɗari. Kusan takwas cikin goma na waɗanda kotunan tarayya suka ɗaure kan kirak baƙar fata ne. Sai a 2010 aka rage tazarar zuwa 18 bisa 1.

Kalmar "tilas" ɗin nan ita ce zuciyar al'amarin. Doka ta ɗaure hannun alƙali. Ko ya ga yaro ne aka aika, ko mace ce da saurayi ya ja ta ciki, ba shi da ikon sauka ƙasa da abin da aka rubuta. A 2004 wani alƙalin tarayya a jihar Utah, Paul Cassell, wanda shi kansa mai ra'ayin riƙau ne, ya yanke wa wani matashi Weldon Angelos shekara 55 kan sayar da tabar wiwi ta 'yan ɗaruruwan daloli, saboda an ce yana da bindiga a lokacin cinikin, ko da yake bai harba ba, bai kuma yi wa kowa barazana da ita ba. A cikin hukuncin da ya rubuta da hannunsa, alƙalin ya ce wannan ɗauri zalunci ne kuma ya saɓa wa hankali, amma doka ba ta bar masa wata hanya ba.

Dokar da ta cinye Andrade kuwa daga hawaye ta fito. A 1992 aka harbe wata budurwa a garin Fresno yayin ƙwace mata jaka, mahaifinta Mike Reynolds ya tashi haiƙan neman dokar da za ta kulle masu maimaita laifi. A 1993 kuma wani tsohon fursuna da ke kan sakin talala ya sace wata yarinya 'yar shekara 12, Polly Klaas, daga ɗakin kwananta ya kashe ta. Babu uban da zai ji wannan bai ji jininsa ya tafasa ba. A 1994 Kalifoniya ta kafa dokar "sau uku ka fita", sunan da aka aro daga wani wasan ƙwallo na Amurkawa. Wanda ke da manyan laifuka biyu a baya, in ya sake aikata na uku, shekara 25 zuwa rai-da-rai. Matsalar ita ce a Kalifoniya na ukun ba sai ya zama na zubar da jini ba. An yi dokar ne don irin wanda ya kashe Polly, sai ta riƙa kwaso ɓarayin kaset da masu ɗauke da ɗan ƙullin ƙwaya. Shekaru bayan haka 'yan'uwan Polly mata biyu suka fito fili suka ce ba sa son a ci gaba da jingina wannan doka da sunan 'yar'uwarsu. A shekarar 1994 ɗin dai Shugaba Clinton ya sa hannu a wata babbar dokar yaƙi da laifuka, wadda Joe Biden, yana sanata a lokacin, ya taka rawa sosai wajen tsara ta. Ta ware kuɗin gina gidajen yari ga jihohin da suka tilasta wa masu laifin ta'adi, irin kisa da fashi, su cinye aƙalla kashi 85 cikin 100 na wa'adinsu.

Akwai wani aiki da dogon hukunci ke yi tun kafin a shiga kotu, wanda ba kowa ya sani ba. A fina-finai ana nuna shari'a da shaidu da masu taya alƙali yanke hukunci. A zahiri, fiye da tara cikin goma na waɗanda ake ɗaurewa a Amurka ba a yi musu wannan shari'a ba, amsa laifi suka yi bayan ciniki da mai gabatar da ƙara. Shi ne ke zaɓar tuhumar da zai shigar, kuma tunda kowace tuhuma na da nata wa'adin tilas, to kusan shi ke yanke hukuncin. Wani mutum a jihar Kentaki, Paul Hayes, an tuhume shi da buga cekin bogi na dala 88 da 'yan kai. Mai gabatar da ƙara ya ce masa ya amsa laifi a ba shi shekara biyar, in ya ƙi kuma a tuhume shi a matsayin mai maimaita laifi. Ya ƙi. Aka yi shari'a, aka yi masa rai-da-rai, kuma a 1978 Kotun Ƙoli ta ce mai gabatar da ƙarar bai karya doka ba. Ka sa kanka a matsayin talakan da lauyan gwamnati ya ba shi minti goma ta bayan gilashi, ya ce masa ga shekara 7 in ka amsa, ga 40 in ka ja. Ko mai gaskiya sai gabansa ya faɗi.

A nan masana suka ɗan rabu. Wani farfesan shari'a, John Pfaff, na ganin an cika ɗora wa tsawon hukunci laifi, alhali babban abin da ya kumbura gidajen yari tun shekarun 1990 shi ne masu gabatar da ƙara sun ƙara yawan mutanen da suke tuhuma da manyan laifuka. Yana da hujja, domin yawancin masu shiga gidan yari ba sa daɗewa, shekara biyu ko uku sun fito. Wani bincike na cibiyar Pew ya nuna waɗanda aka saki a 2009 sun yi zaman da ya fi na waɗanda aka saki a 1990 da wata tara a matsakaici. Wata tara kamar ba wani abu ba ne. Amma ni a ganina irin wannan awo na ɓoye abin da ya fi muhimmanci, domin waɗanda suka fito kaɗai yake ƙirgawa. Wanda aka kulle a 1985 kuma har yau yana ciki ba ya cikin lissafin. Masu gajeren zama suna shiga suna fita kamar 'yan kasuwa, masu dogon zama kuwa taruwa suke yi, na bana a kan na bara.

Ga inda tarin ya kai. A ƙidayar da ƙungiyar Sentencing Project ta yi a 2020, mutum sama da 200,000 ne ke zaman rai-da-rai a Amurka, in aka haɗa da waɗanda aka yanke wa shekara 50 ko fiye. Wato ɗaya cikin kowane fursuna bakwai. Adadin ya zarce yawan duka fursunonin ƙasar a 1970. Kusan 56,000 daga cikinsu an rubuta cewa ba za a taɓa duba batun sakinsu ba. Kusan rabi baƙar fata ne, a ƙasar da baƙar fata ba su wuce kashi 13 zuwa 14 cikin 100 ba. Kimanin kashi 30 cikin 100 sun kai shekara 55 ko sun haura.

Wanda ke son ganin ma'anar waɗannan alƙaluma ya dubi gidan yarin Angola a Luwiziyana. Tsohuwar gonar bayi ce mai faɗin eka 18,000 a gefen kogin Misisipi, kuma sunan nata na tuna ƙasar Afirka da aka kwaso bayi daga cikinta. Har yau fursunoni, mafi yawansu baƙar fata, na fita noma a filayen nan. Yawancin mazaunanta a nan za su mutu, don haka gidan yarin na da sashen jinyar masu jiran ajali, inda fursunoni ke yi wa 'yan'uwansu tsofaffi wanka, su ba su abinci a baki, su zauna a gefensu har rai ya yi halinsa. Akwai masassaƙa a cikinsu da ke ƙera akwatin gawa. A ɗora mamaci a keken doki da fursunoni suka ƙera, a kai shi maƙabartar da ke cikin harabar. Da yawa babu ɗan'uwa ko ɗaya a wajen binnewar, domin bayan shekara arba'in iyaye sun rasu, mata ta yi wani auren, 'ya'ya sun girma ba su san fuskarsa ba.

To duk wannan ya sayo zaman lafiya? Laifi ya ragu sosai a Amurka tun daga farkon shekarun 1990, kusan da rabi, kuma masana sun yarda kulle mutane ya taka wata rawa, musamman a farko. Amma laifi ya ragu a Kanada ma a daidai wannan lokaci ba tare da ta cika gidajen yarinta ba, kuma jihar Niyok ta rage fursunoni da laifi a tare. A 2014 majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta fitar da babban rahoto da ya ce dogon hukunci ba hanya ce mai inganci ta hana laifi ba. Abin da ke hana mutum aikata laifi shi ne sanin cewa za a kama shi. Saurayin da zuciya ta ɗebe shi, ko yake cikin maye, ba ya tsayawa auna bambancin shekara 20 da 40. Ga shi kuma a 'yan shekarun nan kusan rabin kisan kai a Amurka ba a kama wanda ya yi. Kuɗin da za a sa a binciken waɗannan kashe-kashe na tafiya wajen tsare tsofaffi. A Kalifoniya riƙon fursuna ɗaya na cin sama da dala 100,000 a shekara, na tsoho mai ciwo kuwa ya fi haka nesa.

Hausawa sun ce ƙuruciya dangin hauka, kuma binciken masana laifuka bai wuce wannan ba. Aikata laifi na kai ƙololuwa ne daga ƙarshen shekarun goma sha zuwa farkon ashirin, daga nan ya yi ta sauka. A 2012 wani hukuncin kotu a jihar Maryland ya sa aka saki kusan mutum 200 da suka shafe shekara 30 zuwa 40 da ɗoriya a tsare, yawancinsu kan kisa ko fyaɗe. 'Yan ƙalilan ƙwarai ne suka koma gidan yari.

Wasu ƙasashe masu arziki sun ɗauki wata hanya. A Jamus ana duba batun mai rai-da-rai bayan shekara 15. A ƙasar Nowe, mutumin da ya kashe mutum 77 a 2011 an yanke masa shekara 21, da sharaɗin kotu za ta iya ci gaba da tsawaita tsaron muddin yana da haɗari, mai yiwuwa har ƙarshen ransa. Ba a ce dole a saki kowa ba. An dai ce dole wani ya zauna ya duba. A 2013 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta yanke cewa ɗaurin da babu ko fatan a sake dubawa a cikinsa cin zarafi ne.

Amurka ta fara gyara. Kalifoniya ta sassauta dokar sau uku a 2012, bayan Kotun Ƙoli ta umarce ta a 2011 ta rage cinkoson da ya kai kusan ninki biyu na abin da gidajen yarinta za su iya ɗauka. A 2018 Shugaba Trump ya sa hannu a dokar da ta rage wa dubban fursunonin tarayya wa'adi. Amma kusan duk gyaran a kan masu laifin ƙwaya da ƙananan sata yake tsayawa, domin su ne ɗan siyasa zai iya tausaya wa a bainar jama'a bai faɗi zaɓe ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Kusan tara cikin goma na fursunoni a hannun jihohi suke, kuma fiye da rabin waɗannan laifin ta'adi aka ɗaure su a kai: kisa, fashi, fyaɗe, duka. Ko yau aka saki duk mai laifin ƙwaya, Amurka za ta ci gaba da zama a sahun gaba a duniya. Maganar mai nauyi, wadda ake gudu, ita ce shekara nawa ya kamata wanda ya zubar da jini ya yi, kuma ko mutum na iya sauyawa. Ban ɗauki wannan da wasa ba. Uwar da aka kashe wa ɗa ita ma rai-da-rai aka yanke mata, kuma babu kwamitin da zai sake ta. Amma na kasa yarda cewa hukuncin da aka yanke wa yaro ɗan shekara 19 ya zama maganar ƙarshe a kan dattijo ɗan 65 ba tare da kowa ya sake kallon fuskarsa ba. Birnin Washinton ya fara gwada haka: wanda ya aikata laifi kafin ya cika 25 na iya neman alƙali ya sake duba hukuncinsa bayan ya yi shekara 15.

Henry Montgomery yana ɗan shekara 17 ya harbe wani jami'in ɗan sanda, Charles Hurt, a Luwiziyana a Nuwamban 1963. Jami'in ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. Aka kai Montgomery Angola, inda ya girma, ya koyar da matasa dambe, ya tsufa. Ƙararsa ce ta sa Kotun Ƙoli ta yanke a 2016 cewa duk wanda aka yi wa rai-da-rai na tilas tun yana yaro ya cancanci a sake duba batunsa, komai daɗewar hukuncin. Ɗaruruwan mutane suka fita albarkacin sunansa, shi kuwa kwamitin sakin talala ya ƙi shi a 2018, ya sake ƙin sa a 2019. Sai a Nuwamban 2021 aka buɗe masa ƙofa, yana da shekara 75, bayan kusan shekara 58 a tsare.